Uwar Kasko Ta Ajiye Tsumma

Shekara talatin da ɗaya, kafin motar ma'aikatan safe ta shigo harabar asibitinmu, Goggo ta riga ta buɗe ƙofar baya ta kantin abinci. Takan rataye mayafinta a ƙusar bayan ƙofa, ta ɗaura ƙyallen aiki a ƙugu, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta nufi kasko. Ba ta kunna wuta nan take. Sai ta fara bin sa da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, yadda muke taɓa goshin yaro mu ji ko da zazzaɓi. In ta ji santsi, ta gyaɗa kai ta ce, "Mun kwana lafiya." In kuwa yatsarta ta ci karo da wani ɗan gurje a kusurwa, to ranar wani zai amsa tambaya.

Ga wanda bai taɓa leƙa ɗakin girkinmu ba, kaskon da nake magana ba irin na gida ba ne mai mariƙi. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne, faɗinsa ya kai teburin da mutum shida za su zauna su ci abinci, kaurinsa kamar ɗan yatsa, an girke shi a kan murhun gas mai baki huɗu. Baƙin ƙarfe ne, irin wanda ke riƙe zafi da kyau amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Ka bar masa ɗigo uku su kwana, da safe ka tarar da jan tabo. A kansa ake soya ƙwai da albasa da nama da dankali, a kansa ake gasa burodi. Likitoci, mu ma'aikatan jinya, masu gadi, direbobin motar asibiti, da 'yan'uwan marasa lafiya da suka zo jinya, duk daga bayan ƙarfen nan muke karyawa.

Goggo ba kuku ba ce, ba ta kuma taɓa zama ba. A takardar ɗaukarta aiki, mai wanke-wanke aka rubuta. Masu girki bakwai suka zo suka tafi a gabanta, kowanne ya sha yabo a zamaninsa. In ƙwai ya yi kyau, sai ka ji ana cewa, "Kai, sabon kukun nan hannunsa da daɗi." Ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi kowane kuku da ya zo wurin nan hannunsa yake da daɗi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara. Shekarata ashirin da biyu ina cin abincin kantin nan, kuma na fi shekara goma ina ci kafin in san wannan amsar. A watan jiya Goggo ta yi ritaya. Ba a buga a ko'ina ba, ba a yi shela ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da idona ya gani da wanda abokan aiki suka shaida, tun tana da rai da lafiyar da za a karanta mata ta ji.

Aikinta na safe ba shi da yawa a ido. Takan kunna wuta ƙasa-ƙasa, ta ce a bar shi ya farka a hankali. Ta naɗe tsumma, ta kama shi da awartaki, ta ɗiga masa mai, ta bi kaskon lungu-lungu. Daga nan ta ɗauki wani busasshen tsumman ta goge man da ta shafa, har sai ka rantse ba ta shafa komai ba. Na taɓa tambayarta amfanin shafawa in dai za a goge.

"Sista, ki shafa kamar kin yi kuskure, ki goge kamar kina tsoron a kama ki," in ji ta. "Abin da ya rage, shi kaskon yake so."

Babban aikin kuwa sai ƙarfe uku, in faranti na ƙarshe ya fita. Ba ta bari kasko ya huce. Takan ɗauko makankarinta, wani faffaɗan ƙarfe mai ƙotar katako wanda yatsunta suka yi wa gurbi, ta tura duk ƙonannen abin da ya maƙale zuwa magudanar da ke gaba. Ta zuba rabin kofi na ruwan ɗumi, ba ƙari, ya yi cuu, tururi ya tashi ya ɗago sauran. Inda ya yi taurin kai, ta barbaɗa gishiri mai gari-gari da ɗan mai ta murza. Ta goge, ta mai da wuta har sai ɗigon ƙarshe ya bushe, ta shafa mai, ta sake gogewa, ta kashe gas, ta rufe. Minti ashirin ne. Amma minti ashirin ɗin nan ba ta taɓa cin bashinsu ga gobe ba, ko da ranar da ƙafarta ta kumbura tana tafiya tana dafa bango.

Kukun da muke da shi yanzu, wani ƙaton mutum ne mai yawan barkwanci, shekararsa tara da ita. Ya haddace dokokinta, yakan kuma tsaya ƙiƙam kamar ɗan makaranta ya rera mata su don ya ja ta da faɗa: "Ba ya kwana da ruwa! Ba a jiƙa shi da sabulu! Ba a bar masa tumatir ko lemon tsami! Ba a watsa masa ruwan sanyi yana cikin zafi!"

"Saura ɗaya," takan ce.

"Wacce?"

"Ba a jingina da shi ana surutu. Matsa."

Wata rana ina tsaye ina jiran burodina na ji ya ce mata, "Goggo, kaskon nan fa ya fi mu gata. Ni tunda na zo ba ki taɓa shafa min mai ba."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kai ai ba tsatsa kake yi ba, ƙiba kake yi. Ranar da ka fara tsatsa ka zo, samfefar gurza ƙarfe na nan."

Shi ne ya laƙaba mata Uwar Kasko, sunan ya bi ta har ofishin shugaban asibiti.

Akwai wata yarinya 'yar shekara shida da aka yi wa aiki a ciki, aka kwantar a sashenmu. Aiki ya yi kyau, amma ta ɗaure baki, kwana huɗu ba ta yarda da cokali ba. Mun yi lallashi, mun yi dabara, a banza. Rana ta biyar babanta ya ɗora ta a keken marasa lafiya ya fita da ita shan iska, suka biyo ta gefen tagar ɗakin girki daidai lokacin da Goggo ke shafa mai. Yarinyar ta ce a tsaya. Goggo ta lura da ita, sai ta tsoma bakin cokali a mai ta zana mata kyanwa a kan baƙin ƙarfen, har da gashin baki. Ta ce, "Kin ga kyanwar nan? Yunwa take ji. In Kuku ya fasa mata ƙwai, wa zai taya ta ci?" Uban ya dawo sashenmu yana share ido da bayan hannu, yarinya riƙe da faranti ba komai a ciki. Ni na rubuta a takardarta cewa ta ci abinci. Ban rubuta wanda ya sa ta ci ba, don babu gurbin wannan a takardar.

Amma abin da ya sa duk asibitin ya san ko wace ce Goggo ya faru ne shekara biyu da suka wuce.

An kawo mana sabon manajan kanti, matashi mai tsafta da ladabi, wanda ya yi horo a manyan otal inda komai na ɗakin girki fari ne yana ƙyalli. Ba mugun mutum ba ne, kada a fahimce ni ba daidai ba. Shi ya gyara mana famfon wanke hannu da ya shekara yana ɗiga. Amma tun makonsa na farko ya tsaya a gaban kaskon ya ɓata fuska.

"Mama, wannan baƙin dattin shekararsa nawa a nan?"

"Yallaɓai, ba datti ba ne, riga ce," in ji Goggo. "Mai ne da wuta ta gasa ya zama jikin ƙarfen. Shi ke hana abinci kamawa, shi ke hana tsatsa shiga. Datti in ka goga farin ƙyalle zai biyo shi. Goga ka gani."

Manaja ya yi murmushin girmamawa, irin wanda ake yi wa tsoho in ba a yarda da maganarsa ba, ya wuce bai goga ba.

Ba a daɗe ba takarda ta zo cewa masu duba tsafta za su shigo ranar Laraba mai zuwa. A makon ne kuma aka kira Goggo cewa 'yarta ta fari, wadda ke aure a wani gari, haihuwa ta zo mata da gardama. Ta nemi izinin kwana huɗu, abin da ba ta taɓa nema ba, ta tafi ranar Alhamis. Kafin ta fita sai da ta tsayar da Kuku ta sa ya maimaita mata dokokin nan, wannan karon ba da wasa ba.

Ranar Juma'a da yamma Manaja ya rufe ɗakin girki na kwana biyu, ya kira ma'aikatan wani kamfanin wanki su yi gagarumin aiki. Suka wanke bango, suka wanke rufi, suka iso kan kasko. Manaja ya ce a goge shi har sai ya yi fari.

"Na faɗa masa," in ji Kuku da yake ba ni labari daga baya. "Wallahi, Sista, na faɗa masa. Sai dai a hankali na faɗa. Sabon shugaba ne, ni kuma ina da 'ya'ya biyar."

Maza biyu suka hau shi da soson ƙarfe da wani sinadari mai ƙarfi. Suka yi awa uku suna gurza, har rigar shekara ashirin da tara ta fita tas. Suka sheƙa masa ruwa da tiyo, suka rufe ƙofa suka tafi. Manaja ya ɗauki hotonsa yana walƙiya.

Litinin da safe da aka buɗe, kaskon ya koma ja kamar an shafe shi da garin bulo. Kuku ya goge abin da zai iya, ya zuba mai, ya fasa ƙwai. Ƙwan ya kama ƙam, da aka kankaro shi ya fito da launin ƙasa-ƙasa, yana warin ƙarfe. Da na sauko karyawa na tarar da layi har bakin ƙofa, ba abin da ake miƙawa sai shayi da busasshen burodi.

Manaja ya rikice. Ya bincika, aka ce masa sayen sabon kasko irin wannan sai an bi ofis-ofis, abin da zai ɗauki watanni. Kafin nan dole a rufe ɓangaren suya. Mata biyu da ke yankan albasa da zuba abinci, ɗaya muna ce mata Maman 'Yan Biyu, ɗayar kuma Anti Doguwa, aka ce su koma gida sai an neme su. Kowa ya san ma'anar "sai an neme ku." Shi kuma kaskon, don kada masu dubawa su tarar da shi a haka, Manaja ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya kwashe.

Wajen azahar na koma kantin neman ruwan zafi, shi ya sa abin da ya biyo baya a idona aka yi. Mai ƙarafa na tsugune da sifana yana kwance ƙusoshin ƙafar murhu. Matan nan biyu na zaune a kan benci da jakunkunansu a cinya. Sai ga Goggo ta shigo, daga tasha kai tsaye, ƙullin kayanta a hannu. 'Yarta ta sauka lafiya, ita kuma Goggo ta taho da albishir a bakinta. Ta tsaya turus.

Na ɗauka za ta yi salati ta ɗora hannu a ka. Ba ta yi ba. Ta ajiye ƙullin, ta matsa, ta shafa kaskon, ta juya tafin hannunta ta dube shi ya yi jajir. Ta daɗe tana kallon hannun nan. Sannan ta dubi mai ƙarafa.

"Bawan Allah, me kake kwancewa?"

"Mama, ai wannan ya gama yayi. Kin ga yadda ya zama."

"Wa ya ce maka ya mutu?"

Ta zari cokali, ta karta da gindinsa a tsakiyar kaskon. Ƙarƙashin jan sai ga ƙarfe toka-toka, lafiyayye. Ta karta a kusurwa, ta karta a gefe. Ta juya wajen Manaja, wanda ke tsaye ya rasa inda zai sa idonsa.

"Yallaɓai, tsatsar sama ce, ba ta ci ciki ba. Ka ba ni yau da gobe. In jibi aka fasa ƙwai ya kama, ni da kaina zan kama wa mutumin nan mu ɗora shi a mota."

"Mama, Laraba fa masu dubawa za su zo."

"Na ji. Yau Litinin." Ta waiwayi matan da ke kan benci. "Ku kuma zaman me kuke yi da jaka a cinya? Ku tashi ku samo min samfefa da ruwan tsamin nan, binega."

Ba ta tambayi wanda ya yi ɓarnar ba. Har yau ban ji ta tambaya ba.

Yinin ranar gurza aka yi. Ta jiƙa tsatsar da binega, ta bar ta ta yi laushi, ta raba kaskon gida huɗu, kowa ya kama nasa: ita, Kuku, Maman 'Yan Biyu, Anti Doguwa. Mace mai shekara hamsin da takwas, wadda ta kwana uku a zaune a gaban mai naƙuda ta kuma sha doguwar tafiya, ita ce ta fi kowa sauri. Labari ya zaga asibiti. Mai gadin ƙofar gaba ya zo a lokacin hutunsa ya karɓi Anti Doguwa. Babban likitan tiyatarmu, wanda ya shekara ashirin yana cin ƙwai biyu a kantin nan kowace safiya, ya leƙo ya ga abin da ake yi, ya naɗe hannun riga ya ce a ba shi samfefa. Ya fara shafawa a hankali, cikin tsanaki, yadda ya saba.

"Likita, danna mana," in ji Goggo. "Wannan ba sai an yi masa allurar barci ba."

Kafin a tashi aiki ja ya kau, ƙarfe ya fito tsirara. Ta ɗauraye shi, ta kunna duk bakunan murhun ta busar da shi ƙarƙaf, ta shafa masa mai don ya kwana da kariya.

Talata kuma aka shiga ɗinka sabuwar riga. Ta shafa mai siriri, ta goge, ta ƙara wuta har ya fara hayaƙi, ta jira hayaƙin ya ɗauke da kansa, ta bar shi ya ɗan huce, ta sake. Aka buɗe duk tagogi, amma sai da wata mai jinya ta rugo daga sashen mata tana tambaya ko gobara ce. Ƙarfen ya tashi daga toka ya koma ruwan zuma, daga nan ya yi ƙasa-ƙasa, wani wurin har da shuɗi-shuɗi. A shafa ta huɗu Manaja ya kasa daurewa. Ya cire kwat ɗinsa, ya ɗauki galan ɗin mai ya tuttula a tsakiya, wai don aiki ya yi sauri. Goggo ta bi man da tsumma ta kwashe shi tas.

"Mai da yawa danƙo yake zama, Yallaɓai. Ba a yi masa gaggawa. Ungo awartaki, riƙe nan."

Ya karɓa. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a cikin hayaƙi, tana nuna masa, yana bi. Kuku ya ce a nan ne ya ji Manaja ya yi ƙasa da murya ya ce, "Mama, ki yafe ni. Kin faɗa min ban ji ba."

Sai Goggo ta yi dariya, ta ba shi labarin da ko Kuku bai taɓa ji ba. Ta ce ta zo wurin nan ne wata biyar bayan rasuwar mijinta, da yara uku, ba ta san kowa ba. A makonta na farko, don ta nuna ƙwazo, ta jiƙa wannan kaskon da ruwan sabulu ta bar shi ya kwana. Da safe ya yi ja. Ta tsaya tana jiran sallama. Tsohon kukun lokacin ya dube ta, ya dubi kasko, ya miƙa mata samfefa ya ce, "Wanda ya ɓata shi ne zai fi kowa sanin gyaransa."

"To ka ga, Yallaɓai, ni da kai laifinmu ɗaya," in ji ta. "Sai dai ni kwana ɗaya na ba shi, kai ka yi masa biyu. Goge can, ka bar mai a kusurwa."

Sau tara suka shafa. A ƙarshe ta sa aka yanka albasa cike da roba, aka soya ta a kai har ta ƙone, aka zubar. Kasko ya yi duhu, bai kai baƙinsa na da ba, amma ya fara sheƙi.

Laraba da safe ɗakin girki ya cika da mutanen da ba su da aikin komai a ciki, har da ni. Kuku ya ɗauki ƙwai. Ya ɗiga mai, ya fasa. Muka zuba ido. Gefen ƙwan ya yi fari, ya ɗan ɗago. Kuku ya taɓa shi da bakin cokalin juyi, sai ƙwan ya sulale ya tafi can gefe kamar an tura shi a kan gilashi. Anti Doguwa ta rangaɗa guɗa, Maman 'Yan Biyu ta zauna daɓas a kan buhun dankali tana dariya tana hawaye.

Da hantsi mai duba tsafta ta iso, wata mata mai tabarau wadda ba ta dariya. Ta duba firji, ta duba magudana, ta zo kan kasko. Ta zaro farin ƙyalle daga jakarta ta goga, ta ɗaga shi sama ta duba. Fari tas. Ta ce, "Wa ke kula da wannan?"

Manaja na iya cewa "mu ne," ba wanda zai ƙaryata shi. Amma sai ya nuna Goggo, wadda ta koma can wajen famfo tana wanke kofuna, ya ce, "Waccan baiwar Allah. Ni na kusa kashe shi, ita ta tashe shi." Matar ta je har wajen famfon, ta sa Goggo ta yi mata bayanin yadda take yi daki-daki, tana rubutawa a littafinta.

Ba wanda aka sallama. Da na taya Goggo murna na ce kasko ya dawo, sai ta girgiza kai. "Bai dawo ba tukuna, Sista. Wannan rigar kwana biyu ce. Amma za ta yi kauri, da ƙwai da ƙwai." Haka kuwa aka yi. Kafin shekara ta zagayo ya koma baƙi wuluk.

Goggo, na san in aka karanta miki wannan za ki ce, "Wai duk a kan kasko?" E, a kan kasko. Ke ce kika ɗauki aikin da ba wanda ke dubawa, kika yi shi kamar kullum za a zo dubawa. Ke ce kika sa masu girki bakwai suka yi suna, ba ki taɓa cewa a raba da ke ba. Ke ce kika tarar da wahalar shekara ashirin da tara an wanke ta da tiyo, kika nemi samfefa maimakon ki nemi mai laifi. Mata biyu suna kai wa 'ya'yansu abinci yau saboda ke, kuma wani matashi ya koyi cewa "na yi kuskure" a gaban jama'a saboda kin sauƙaƙa masa faɗin ta. Uwar Kasko, maƙiyiyar tsatsa, sannu da aiki.

Yatsunta ne suka fara ƙin lanƙwasuwa da sanyin safiya, shi ya sa ta ce lokaci ya yi. Shekara guda ta yi tana koya wa Maman 'Yan Biyu, tana tsaye a bayanta tana cewa, "Kin cika mai," har ranar da ta duba ta rasa abin cewa. A ranarta ta ƙarshe muka taru a kantin. Manaja ya yi jawabi, Likita ya yi, Kuku ya fara ya kasa ƙarasawa ya fake da cewa albasa ce. Da aka ce ta yi magana, cewa ta yi, "Na gode. Ku yafe min faɗan da na yi muku." Ta zauna.

Makon jiya na je gaishe ta a gida. Tun daga bakin ƙofa na ga kasake jere a jikin bango, manya da ƙanana, wasu ja, wasu sun fara duhu. 'Yar autarta ta tare ni tana ƙorafi. "Anti, ki yi mata magana. An ce ta huta, ga shi maƙwabta sun mai da mana gida asibitin kasake. Jiya har daga bayan kasuwa aka kawo wani."

"Ba ni nake gurzawa ba," in ji Goggo daga inda take zaune, jikanta a cinya. "Masu su ke gurzawa. Ni baki kawai nake sawa." Sai idonta ya sauka a kan jakar da nake ɓoyewa a bayana. "Mene ne wannan, Sista?"

Na fito da shi cikin kunya. Kaskon gidana ne, wanda na jiƙa na manta da shi a ƙarƙashin famfo kusan wata guda. Ta karɓa, ta juya shi, ta dube ni ta saman ido.

"Shekara ashirin da biyu kina kallona."

"Goggo, aiki ne ya yi yawa."

"Auta, ba ta kujera. Ba ta samfefa."

Na yini a tsakar gidanta ina gurza, tana wasa da jikanta tana gyara min riƙo, har tafin hannuna ya yi kanta.

Mun gode, Goggo. Allah ya ba yatsun nan sauƙi, ya ja kwana, ya sa 'ya'ya da jikoki su riƙe ki yadda kika riƙe amanar da aka ba ki. Ku kuma masu karatu, duk inda kuke cin abinci mai daɗi akwai wani a ciki wanda ba ku taɓa ganin fuskarsa ba. Ku tambaya, a nuna muku shi, ku gaishe shi da aiki tun yana nan. Kuma duk abin da aka damƙa muku, injin ɗinki ne, allon aji ne, ko motar haya, ku ba shi 'yan mintocinsa na kowace rana, ko da mai dubawa ko babu.

Ni dai nawa kaskon yana kan shafa ta huɗu, kuma ranar Asabar zan kai mata ta duba. Tun yanzu gabana ke faɗuwa.